Kwana Biyu a Tsakiyar Kano da Damina

Kusan kowa a makarantar nan ya taɓa zuwa Kano, amma in ka bincika sai ka tarar zuwan namu iri ɗaya ne. A sauka a tasha, a wuce Farm Centre a sayi waya ko a gyara ta, ko a faɗa Kantin Kwari a sayo shadda da atamfar salla, kafin magariba an kamo hanyar gida. Wannan cefane ne, ba ganin gari ba. Abin da na kawo mana a wannan fitowa shi ne yadda ɗalibi zai ware Asabar da Lahadi guda, da ɗan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, ya zaga tsakiyar birnin da ƙafa, ya dawo da abin da zai amfane shi a karatu. Ni ɗalibin tsara birane ne a shekarar ƙarshe ta difloma, kuma na yi wannan zagaye a watan Agustan da ya wuce. Sai dai ba 'yan sashenmu kaɗai nake wa magana ba. Masu karanta gine-gine, da safiyo, da injiniyancin hanyoyi, da kula da filaye da gidaje, nan da 'yan shekaru mu ne za mu riƙa auna fuloti, mu zana gini, mu sa hannu a takarda. Gara mu ga abin da sa hannun yake haifarwa tun kafin a miƙo mana biro.

Shawarata ta farko ita ce ka je da damina. Na san mutane sun fi son yawo da hunturu, ba zafi ba caɓi. To amma da rani, lambatun da ya toshe da wanda yake aiki duk kamarsu ɗaya a ido, kuma gidan da aka gina a kan hanyar ruwa bai da bambanci da na kan tudu. Da zarar an yi ruwan awa ɗaya, kowane gini da kowane titi sai ya faɗi gaskiyarsa. Agusta shi ne watan da ruwa ya fi yawa a Kano, don haka hutunmu ya zo daidai.

Guzurin ba shi da yawa: takalmin da ba ka jin tausayinsa, ƙaramin littafi da biro, leda ta naɗe waya, ruwan sha, da canji na hawa adaidaita sahu, tunda an hana acaɓa a cikin gari tun 2013. Kafin ka tafi, shiga filin ƙwallon makaranta da tef ka auna mita 100, ka taka shi sau uku da tafiyarka ta yau da kullum, ka rubuta yawan takunka. Daga ranar ƙafarka ta zama ma'auni, za ka iya sanin faɗin titi ko tsawon kududdufi ba tare da ka tara wa kanka 'yan kallo ba. Kada kuma ka zaɓi Asabar ɗin ƙarshen wata, domin ranar tsaftar muhalli ce, ana tsayar da zirga-zirga da safe.

Asabar: daga Dala zuwa Ƙofar Mata

Ka yi sammako ka hau Dutsen Dala kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala, kuma duk wanda ya saba da benen ɗakin karatunmu ba zai sha wuya ba. A gindin dutsen nan garin ya faro. Masu binciken tarihi sun samu shaidar ana narkar da tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, kuma a nan ne littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Barbushe ya zauna, tun kafin zuwan Bagauda a 999. Amma ba don labarin na ce ka hau ba. Ka hau ne don ka ga yadda ƙasar take kwance. Ka nemi Goron Dutse, ka nemi koren ƙubbar Babban Masallaci, ka nemi tarin rumfunan Kurmi, sannan ka lura da inda ƙasa ta yi tudu da inda ta gangara. Ka zana wannan a littafinka ko da zanen bai yi kyau ba. Abu na biyu, ka ƙirga wuraren da ka hango ruwa kwance ko fili ba gini. Ni na ƙirga su da yatsun hannu, sauran duk rufin kwano ne har iyakar ganina.

Dalilin da ya sa wannan ƙirge yake da muhimmanci shi ne, lokacin da Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunan garin da dubu 30, ya kuma tarar da cewa babban ɓangare na filin da ke cikin ganuwa gonaki ne da makiyaya. Da gangan magabata suka zagaye fili fiye da gidajensu, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a samu abin ci a ciki. Wato dai ganuwar ba katanga ce kawai ba, tsari ne na mutanen da suka yi lissafin gobe.

In ka sauko, ka bi ta lunguna ka nufi Kurmi, kana tambayar sunan kowace unguwa da ka shiga. A birnin Kano sunan unguwa takardar shaida ce. Wasu sunayen suna faɗa maka daga ina mutanen suka zo: Agadasawa daga Agadas, Tudun Nufawa na Nufawa, Zangon Barebari na Barebari, Ayagi ta Yarabawa. Dandalin Turawa kuwa ba Turawan Ingila ake nufi ba, Larabawan arewacin Afirka ne fatake, domin su aka fara kira da wannan suna. Wasu sunayen kuma sana'a suke nunawa, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. Sharifai tana da alaƙa da zuwan Shehu Al-Maghili a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ba duka za ka ratsa a rana ɗaya ba, amma ko uku ka samu, ka rubuta. Duk mai ce maka baƙi jiya suka fara zuwa Kano, sunayen nan sun ishe ka amsa.

Lungunan kansu abin nazari ne. Ka auna faɗinsu da takunka, za ka samu wasu ko adaidaita sahu ba ta shiga. An yi su ne don mutum da jaki da raƙumi, kuma ƙuncinsu da lanƙwasarsu suna ba da inuwa kusan duk yini. Matsalar ita ce yau motar kashe gobara da ta ɗaukar marar lafiya ba su da hanya. Ka riƙe duka biyun a ranka, kada ka zama irin ɗalibin da komai na da shi ne daidai a wurinsa, ko irin wanda maganinsa kullum a rushe a faɗaɗa.

Kasuwar Kurmi ita ma Rumfa ne ya kafa ta. Daga nan ayari yake tashi zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, ya kawo goro, wani kuma ya ratsa Sahara zuwa Tarabulus da fatu da tufafi. An sayar da bayi ma a cikinta, wannan ɓangare ne na tarihinta da bai kamata a ɓoye ba. Yau za ka tarar da 'yan turare, da 'yan littattafai, da masu kayan doki, da masu ƙwarya da kayan fata, kowane rukuni da layinsa. Ka ci gurasa a Jakara, ka ce a yi maka bandashe, ni dai ban ga abin da ya kai ta arha da riƙe ciki ba. To, kana cikin ci, ka tambayi kanka ina Jakarar take. Domin Jakara asalinta rafi ce, ita ce ke kwashe ruwan tsakiyar birni ta fita da shi. Barth ya ambace ta a matsayin babban ruwa da ya ratsa garin. Yanzu an ɗaure ta da siminti, wani ɓangaren ma an shimfiɗa titi a kanta, shi ne ake kira Wuju-Wuju. Ka leƙa duk inda take a buɗe, ka ga launin ruwan da abin da ke yawo a ciki, ka duba jikin katangun kusa ko akwai zanen da ruwa ya bari. Tsayin wannan zane daga ƙasa shi ne bayanin da ya fi kowane daraja a tafiyarka. Ka auna shi da tafin hannu ka rubuta.

Maganar kududdufi

A nan nake so mu ɗan zauna, don shi ne ainihin darasin. Tsohon birni da ƙasa aka gina shi. Duk tubalin da ke jikin gidaje da ganuwa daga wani rami aka haƙo shi, kuma ramukan nan su ne suka zama kududdufai. Ba wanda ya zana su a takarda, amma sai suka zama tsarin magudanar gari. In an yi ruwa, indararo ya zubo a lungu, lungu ya gangara da shi kududdufin unguwa, kududdufi ya riƙe shi, wani ya nitse a ƙasa ya ciyar da rijiyoyi, wani rana ta shanye, ragowar ya malala a hankali zuwa Jakara. Kalmar da za ka riƙe ita ce “a hankali”. Ambaliya ba yawan ruwa kaɗai ke kawo ta ba, har da saurin da yake taruwa a wuri ɗaya.

Bari mu yi lissafi irin na aji ɗaya. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif. Ɗauki gida mai rufin kwano na murabba'in mita 100. In aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, rufin nan zai zubo da lita 5,000, wato jarka 200 mai cin lita 25, irin ta 'yan garuwa. Gida ɗaya ke nan fa. In tsakar gidan ƙasa ce, za ta sha wani abu daga ciki. In an yi mata daɓen siminti, kamar yadda kowa yake yi yanzu, duka waje zai fita. Yanzu ɗauki kududdufi matsakaici, mu ce tsawonsa mita 50, faɗinsa 40, kuma yana da sauran wurin ɗaukar ruwa mai zurfin mita 2. Wannan lita miliyan 4 ne, ruwan rufin gidaje 800 irin wancan. Ranar da aka cike shi da shara da ɓaraguzai aka yanka fuloti, ruwan gidaje 800 ɗin bai san an sayar da wurin ba. Zai zo inda ya saba zuwa, in ya tarar da shaguna ya shiga shaguna, in ya tarar da ɗakin tsohuwa ya shiga. Gidan ƙasa kuma in gindinsa ya jiƙa ya kwana biyu a jiƙe, faɗuwa yake yi, wani lokaci a kan masu barci. Duk damina muna jin irin wannan labari a rediyo.

Kada a ce na mayar da kududdufi aljanna. Na tsaya a bakin wani, wallahi sai da na toshe hanci. Matattarar sauro ce, juji ne, ruwan masai yana gangarawa ciki, kuma yara suna faɗawa. Mai gidan da ke bakinsa in ya ce a cike shi, yana da hujja. Abin da nake cewa shi ne, tambayar da ta dace ba “a cike ko a bari” ba ce. Tambayar ita ce, in an cike, ina ruwan zai tafi, kuma wa ya lissafa? A ganina, kududdufin da aka yashe, aka kewaye, aka hana zuba shara, aka haɗa shi da lambatu mai fitar da rarar ruwa, ya fi jerin shaguna amfani ga unguwa, ko da yake ba ya kawo kuɗin haya. Wannan ne kuma ya sa yake shan kaye kullum. Mai shago yana da takarda da lauya, kududdufi ba shi da kowa.

Daga Kurmi ka gangara kudu zuwa Babban Masallaci, wanda aka yi ginin da muke gani yanzu a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ka zaga ta gefen Gidan Rumfa, wato fadar sarki, zuwa Gidan Makama. A wannan gida Rumfa ya zauna lokacin yana Makaman Kano, yanzu kuma gidan tarihi ne, har da tsofaffin ƙyauren wasu ƙofofin gari a ciki. 'Yan gine-gine, ku ɗaga kai ku kalli rufi. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta iya ɗaukar faɗi mai yawa ita kaɗai, shi ya sa magina suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga don a samu soro mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Ku taɓa kaurin bango, ku ji sanyin ɗakin da tsakar rana ba fanka, sannan ku tuna ɗakin kwananmu na bulo da kwano a watan Afrilu.

Ka ƙare yinin a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Na tarar da wani dattijo yana tsoma ƙyalle, na ce, “Sannu da aiki, Baba.” Ya ce, “Yawwa ɗan samari, ɗan makaranta ne ko? To matso ka gani, amma kada ka taka bakin ramin.” Ya ciro ƙyallen yana kore-kore, muna tsaye a gabanmu ya rikiɗe ya koma shuɗi. 'Yan kimiyyar ɗakin gwaji sun san dalili: haɗin baba da toka da aka bari ya kwana kwanaki yana ruɓa shi ke sa launin ya narke ya shiga zare, iska kuma in ta taɓa shi sai ya koma shuɗin da ba ya narkewa. Ka ƙirga ramukan da ke aiki da waɗanda aka bari, za ka ga na biyun sun fi yawa.

Wata 'yar magana kan ladabi, tunda cikin gidajen mutane kake yawo. Ka yi sallama, ka gaida dattawan da ke zaune a ƙofar gida kafin ka yi tambaya. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton mutum ko cikin zaure sai da izini, kada kuma ka ɗauki hoton jami'an tsaro ko wurin aikinsu. Ka riƙe katin makaranta a aljihu. 'Yan uwa mata, ku tafi ku biyu ko uku, kuma ku kuna da damar da mu ba mu da ita, domin ku ake bari ku shiga cikin gida, ku ga tsakar gida da rijiya da inda ruwan wanke-wanke yake bi. Rabin bayanin magudanar birni a can yake.

Lahadi: waje

Lahadi ba ta kai Asabar wahala ba, kuma za ka haɗa da adaidaita sahu. Ka fita ta Ƙofar Mata ka shiga Fagge, wadda tun da can masaukin fatake ce a bayan ganuwa, ka ratsa Kantin Kwari inda 'yan kasuwar Siriya da Labanan suka kafa kantuna, ka nufi tashar jirgin ƙasa. Turawa sun ci Kano a 1903, layin dogo ya iso a 1911, kuma daga nan nauyin kasuwanci ya fara barin Kurmi ya koma bakin dogo, inda gyaɗa da fatu suke hawa jirgi zuwa Legas. Dalar gyaɗar da ake ba mu labari, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, 'yar wannan zamani ce. Shi ya sa Kano take da cibiya biyu, ta raƙumi da ta jirgi.

A Sabon Gari, wadda aka kafa wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, ka sake auna titi. Layuka ne miƙaƙƙu masu gicciye da juna, da ganinsu ka san da rula aka zana su, sunayensu kuma Aba, Enugu, Abeokuta. Da safiyar Lahadi jama'a suna coci, titi ba cunkoso, sai ka ga tsarin sosai. Ka kwatanta da lungunan jiya. Daga nan ka hau zuwa Nassarawa, unguwar Turawa ta da, mai manyan filaye da itatuwa, inda Gidan Ɗan Hausa yake, gidan Hanns Vischer da ya buɗe makarantar boko a 1909. Tazarar da ke tsakanin waɗannan unguwanni ba haka kawai ta faru ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Ka lura da wace unguwa ce ta samu faɗin titi da itatuwa da lambatu tun farko, ka kuma lura ko rabon ya canza.

Zangon ƙarshe shi ne ganuwa. Daga Ƙofar Nassarawa ka bi titin BUK, ka wuce Sabuwar Ƙofa, da Ɗan'agundi, da Na'isa, da Gadon Ƙaya, har Kabuga, ta inda sojojin Turawa suka shiga gari. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar, tsakanin 1095 da 1134, sarakunan baya suka faɗaɗa ta, cikinsu har da Rumfa. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya. Abin da za ka gani a ƙasa kuwa, wani wuri tudun ƙasa ne da ruwa ya zaizaye, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi gini da ita, wani wuri shago ne ko gareji a inda take a da. Ƙofar Na'isa da za ka wuce ba ta asali ba ce, an rushe tsohuwar a 2010 don faɗaɗa titi aka gina wata. Ka zaɓi tsakanin ƙofa biyu, ka taka shi da ƙafa, ka rubuta taku nawa ne ganuwa take tsaye, taku nawa ne babu ita, ka sa kwanan wata. In ka dawo makaranta, ka buɗe Google Earth a kwamfuta, akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotunan sama na shekarun baya. Ka nemo wannan yanki da kududdufan da ka gani, ka kwatanta da na da. Wanda yake neman abin da zai rubuta a aikinsa na kammalawa, ga shi nan kyauta, kuma ba kwafe ba ne.

Ka yi ƙoƙari ka kai tasha kafin la'asar, don motocin yamma sukan cika da wuri ranar Lahadi. In kuwa hadari ya haɗo daga gabas kana kan hanya, kada ka yi saurin shiga adaidaita sahu. Ka nemi rumfa mai ɗan tudu ka fake, ka duba agogo lokacin da ruwan ya fara, ka sake dubawa lokacin da lambatun gabanka ya cika ya fara malala a titi, ka rubuta minti nawa ne tsakani.